ƘAYYADE KUƊIN HAYA: INA HAƘƘIN MAI GIDA, INA NA ƊAN HAYA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya mana gidajenmu wurin natsuwa da sutura. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk lokacin da rayuwa ta yi tsada akan ji jama'a suna kiran hukuma da ta sa wa kuɗin hayar gidaje iyaka. Masu gidaje kuma sukan amsa da cewa gumin goshinsu ne, babu mai hurumin yanke musu farashi. Kowane ɓangare yana ganin shi ne abin zalunta. Tambayar da muke son dubawa a wannan fitowa ita ce: shin ya halatta ga shugaba ya ƙayyade abin da mutum zai karɓa a kan gidan da ya gina da dukiyarsa? Idan ya halatta, ina iyakarsa? Idan kuma doka ta karkata ga ɓangare ɗaya, mene ne wajibin Musulmin da ta karkata gare shi?

Wani zai ce wannan zance ne na Yamai da manyan birane, me ya haɗa shi da mutanen Karofane, inda kusan kowa yake kwana a gidan gado? Abin da ya haɗa mu da shi yana da yawa. 'Ya'yan Adar sun daɗe da sanin hanyar ci-rani, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a Abijan, ko Yamai, ko Kano, ko Agadas, yana biyan hayar ɗaki duk ƙarshen wata. Da yawa daga cikin waɗannan matafiya, in Allah Ya buɗa musu, abin da suke fara yi shi ne sayen fili a Buza ko Madawa ko Tawa su gina ɗakuna, su zuba malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwar albasa. Saboda haka mutum guda yakan zama ɗan haya a ƙasar wasu, mai gida a ƙasarsu. Wanda ya ɗanɗana matsayin nan biyu shi ya fi cancanta ya yi wa mas'alar adalci.

WANE NE MAI GIDA?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san a kan wa za a yanke shi. Idan an ce mai gidan haya, zukata sukan tafi ga attajirin da yake da gidaje jere a unguwa guda, wanda yake ƙara kuɗi duk sanda ya ga dama. Irinsa yana nan, ba a musu. Amma a garuruwanmu akwai kuma matar da mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna biyu, da su take ciyar da marayu. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba abin da ya tara a ginin da zai riƙe shi a tsufansa. Akwai ɗan ci-ranin da ya shekara ashirin yana dako a bakin teku, abin da ya dawo da shi ke nan. Doka guda ce za ta hau kan waɗannan duka, amma nauyinta a wuyansu ba zai zama ɗaya ba.

Haka nan 'yan haya iri-iri ne. Akwai malamin makarantar da aka turo daga nesa, ba shi da dangi a gari, albashinsa kuma ba ya ƙaruwa don mai gida ya ƙara. Akwai wanda ruwa ya rushe masa gida, kamar yadda ya faru ga dubban iyalai a ambaliyar damanar 2024 a faɗin Nijar. Akwai kuma mai hali, wanda ya fi mai gidansa wadata nesa ba kusa ba, amma ya zaɓi zama a haya don ya juya kuɗinsa a kasuwa.

ASALIN HUKUNCI

Asali a shari'a shi ne dukiyar Musulmi tana da alfarma kamar jininsa. A Suratun Nisa'i, aya ta 29, Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mu cin dukiyar juna da ɓarna, Ya halatta cinikin da aka ƙulla bisa yardar ɓangarorin biyu. Haya kuma ciniki ce, sai dai abin da ake sayarwa a cikinta amfanin gida ne zuwa wani lokaci sananne, a kan lada sananne. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a Risala, littafin da almajiran ƙasar nan suka tashi da shi, cewa haya ba ta warwarewa don mutuwar mazaunin gida, amma tana warwarewa idan gidan ya rushe kafin wa'adi ya cika. Wannan ya nuna mana cewa alkawari ne mai ƙarfi da ya ɗaure kowa.

Game da yanke farashi kuwa, wanda malamai suke kira tas'iri, akwai hadisin Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito. Kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi. Bai yi ba. Ya sanar da su cewa tsada da araha a hannun Allah suke, kuma ya bayyana fatansa na ya gamu da Ubangijinsa ba tare da wani yana binsa haƙƙin jini ko na dukiya ba. A lura da abin da ya ji wa tsoro: haƙƙin mai kaya. Da wannan hadisi ne mafi yawan malamai suka kafa hujja cewa shugaba ba ya tilasta wa mutane farashi matuƙar kasuwa tana tafiya bisa al'adarta, tsadar kuma ta zo ne daga ƙarancin kaya ko yawan mabuƙata.

Don haka mai gidan da yake cewa gidansa nasa ne ba sharri ya faɗa ba. Yana tsaye a kan asali.

INDA ASALIN YA TSAYA

Sai dai shari'ar da ta tsare dukiya ita ce kuma ta hana a cuci mutane da dukiya. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi cewa ɓoye kaya don a tsananta wa jama'a aikin mai saɓo ne. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa. Ya kuma kawo labarin Sayyidina Umar da Haɗib ɗan Abi Balta'a, wanda yake sayar da zabibi a kasuwa a farashin da ya saɓa wa na jama'a, har Umar ya ba shi zaɓi tsakanin gyara farashinsa da barin kasuwar. Ashhab kuma ya ruwaito daga Malik sassauci a kan a yanke wa mahauta farashi, da sharaɗin a yi la'akari da yadda suke sayen dabbobinsu.

Daga baya Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan hijira, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka tsara mas'alar. Suka ce yanke farashi iri biyu ne. Akwai na zalunci, shi ne a tilasta wa mutum ya sayar a kan abin da bai yarda ba alhali bai ƙetare haddi ba. Akwai na adalci, shi ne a hana masu kayan da jama'a suke cikin larurarsu karɓar fiye da ƙimar da aka saba. Har ma sun ambaci gida da sunansa, inda suka ce idan mutane suka rasa wurin fakewa sai gidan wani, wajibi ne ya zaunar da su, saɓanin malamai kawai a kan lada ne.

Gida kuwa ya fi yawancin kaya shiga babin larura. Idan tumatir ya yi tsada uwargida takan yi miyar kuka. Idan shinkafa ta gagara a koma ga gero. Amma magidanci ba zai ce wa iyalinsa su yi haƙuri da kwana a ɗaki sai farashi ya sauka ba. Tashi daga gida kuma yana da tsada: kuɗin ɗaukar kaya, da na dillali, da nisantar makarantar yara da wurin aiki. Mai gida ya san haka. Idan ya ce wa ɗan haya ko ya ƙara ko ya fita alhali damana ta kankama, yardar da zai samu irin ta wanda ruwa ya ci ce, wanda ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Yardar da ayar Nisa'i ta ambata ta fi wannan daraja.

Saboda haka muna ganin shugaba yana da ikon shiga tsakani. Abin da ya rage shi ne yadda zai shiga.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

Mai hankali yakan yi wa'azi da abin da ya sami waninsa. A Burkina Faso, gwamnatin Thomas Sankara ta ɗage biyan hayar gidajen zama na tsawon shekarar 1985. 'Yan haya sun yi murna, amma wanda ba shi da wata hanyar abinci sai ɗakunansa shi ya ɗauki nauyin kyautar da bai yi niyya ba.

A Senegal an kafa doka a watan Janairun 2014 wadda ta rage haya da kashi 29 cikin ɗari ga gidajen da ba su kai jika 150 a wata ba, da kashi 14 ga na tsakiya, da kashi 4 ga waɗanda suka haura jika 500. Masu gidaje da dama suka nemi kafar zillewa: a tashi ɗan haya da sunan za a yi gyara ko za a zaunar da dangi, sannan a sa sabo a farashi mai tsada. Hayar Dakar ta ci gaba da hawa, har sai da gwamnati ta sake fitar da wani ragin a 2023.

Misira ita ce babban darasi. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce aka daskarar da hayar tsofaffin gidaje, har ya zama 'ya'ya suna gadon zama a gidan da ba na ubansu ba a kan kuɗin da aka yanka tun zamanin kakanni. Darajar kuɗi ta yi ta faɗuwa, hayar tana nan inda take, har aka kai gidan da yake tsakiyar Alƙahira ana biyansa abin da bai taka kara ya karya ba. Masu gidaje suka daina gyara, gine-gine suka lalace a kan mazaunansu. A 1996 aka sake wa sababbin yarjejeniyoyi mara, a watan Nuwamban 2024 kotun tsarin mulki ta ce daskarar da hayar ya saɓa wa tsarin mulki, sannan a 2025 aka yi dokar da za ta kawo ƙarshen tsofaffin yarjejeniyoyin gidajen zama bayan shekara 7. Yanzu kuma tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu a waɗannan gidaje su ne cikin fargaba. Zalunci guda ya haifi na biyu.

A birnin San Faransisko na Amurka an faɗaɗa dokar ƙayyade haya a 1994. Binciken da masana na jami'ar Stanford suka wallafa a 2019 ya nuna cewa waɗanda dokar ta tarar a cikin gidaje sun amfana, sun zauna daram. Amma masu gidajen da dokar ta shafa sun rage gidajen da suke bayarwa haya da kashi 15 cikin ɗari, abin da ya sa hayar sauran gidajen birnin ta tashi. Wanda yake ciki ya tsira, wanda yake neman shiga ya biya.

Kodebuwa kuwa, inda 'yan'uwanmu suke da yawa, wata hanya ta bi. Dokarta ta 2018 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya daga mai shiga gida. Jihar Legas ma ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya. Irin wannan iyaka tana sauƙaƙa wa talaka shiga gida ba tare da ta ci jarin mai gida ba.

A nan Nijar, an kafa dokar haya a watan Afrilun 1996. Dattawanmu kuma ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gini da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Duk iyakar da aka yanka da lamba aka bar ta, rana guda irin wannan ta isa ta mayar da ita zalunci. A watan Oktoban 2024 kuma hukuma ta rage farashin siminti bayan ambaliya. Wannan hanya ce ta taimakon ɗan haya ta bayan gida, domin idan gini ya yi sauƙi ɗakuna za su yawaita, idan suka yawaita mai gida ne zai riƙa neman ɗan haya.

MU YI LISSAFI

Mu ƙaddara wani ya kashe miliyan 3 ya gina ɗakuna uku, yana karɓar jika 10 a kan kowane ɗaki a wata. A shekara ya tara jika 360. Mu cire jika 90 na yaɓe da gyaran rufi da yashe masai da watannin da ɗaki ya zauna ba kowa, saura jika 270. Sai ya yi fiye da shekara 11 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Idan aka rage hayar zuwa jika 7, abin da zai rage masa a shekara jika 162 ne, jiransa kuma ya haura shekara 18. Maƙwabcinsa da yake shirin gini zai ga haka ya fasa, ya sayi shanu.

Mu juya kuma ga ɗan hayar da yake samun jika 60 a wata. Jika 10 ɗaya ce bisa shida ta abin da yake samu. Idan mai gida ya ninka ta ba tare da ya ƙara ko bulo guda ba, don kawai ya ga baƙi sun cika gari, sulusin abincin iyalin wannan bawan Allah ya tafi. Lissafin farko gaskiya ne, na biyu ma gaskiya ne. Dokar da ta ga ɗaya ta runtse ido daga ɗayan ta yi gyaran gangar Auzinawa.

SHARUƊƊAN IYAKA TA ADALCI

Malaman mazhabarmu ba su bar mu cikin duhu ba. Albaji ya kawo a littafinsa Almuntaƙa hanyar da Ibnu Habib ya tsara: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwar da abin ya shafa, ya kawo wasu amintattu don tabbatar da gaskiyarsu, ya tambayi yadda suke saye da yadda suke sayarwa, sannan ya lallashe su zuwa farashin da zai bar musu riba kuma bai ƙuntata wa jama'a ba. Albaji ya yi gargaɗi cewa farashin da ba riba a cikinsa yana kai wa ga ɓoye kaya da lalacewar kasuwa. Abin da ya faru a Dakar da Alƙahira shi ne abin da wannan malami na Andalus ya hango tun ƙarni na biyar bayan hijira.

Bisa wannan, muna ganin iyakar haya tana zama adalci idan ta cika waɗannan sharuɗɗa. Na farko, a sami larura ta gaske da wuce gona da iri daga masu gidaje. Na biyu, a yanka ta bayan an saurari masu gidaje da 'yan haya da magina, a bambanta ginin ƙasa da na siminti, da gari da gari, domin Karofane ba Yamai ba ce. Na uku, ta bar wa mai gida ribar da za ta ishe shi gyara kuma ta ƙarfafa wani ya gina. Na huɗu, a riƙa sake duba ta lokaci zuwa lokaci gwargwadon tsadar kaya. Na biyar, hukumar da ta ɗaure hannun mai gida ta tsaya masa wajen karɓo haƙƙinsa daga wanda ya ƙi biya alhali yana da hali. Ciyar da mabuƙaci da ba shi mafaka nauyi ne na al'umma gaba ɗaya, ta hanyar baitulmali da zakka da waƙafi. Ba daidai ba ne a tattara shi a ɗora wa gwauruwa mai ɗaki biyu.

TSAKANINKA DA ALLAH

Akwai wurin da doka ba ta isa, kuma nan ne imani yake aiki. Ya kai mai gida, idan hukuma ta yanke iyaka bisa maslaha, bin ta wajibi ne a kanka. Kada ka ce za ka yi gyara alhali ƙarya kake, kada ka rubuta farashi a takarda ka karɓi wani a ɓoye. Idan kana ganin an tauye ka, ka kai kuka ta hanyar da ta dace. Ko da kuma babu wata doka, ka tuna Suratul Baƙara, aya ta 280, wadda ta yi umurni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Ka tuna ɗanka da yake haya a Abijan, ka yi wa ɗan wani abin da kake so a yi masa.

Ya kai ɗan haya, idan doka ta ba ka damar zama a gidan marayu a kan kuɗin da kai kanka ka san bai kai ƙimarsa ba, alhali kana da hali, kada ka ɗauka takardar hukuma ta wanke ka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi wanda aka yanke wa hukunci da haƙƙin ɗan'uwansa cewa yankin wuta aka yanka masa. Idan hukuncin da aka yi a gaban Annabi bai halatta haƙƙin wani ba, ina ga na waninsa? Ka ƙara abin da ya dace da kanka, ka biya a kan lokaci, ka riƙe gidan da amana. Jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a hadisi.

Muna kira ga limamai da masu unguwanni su kwaɗaitar da jama'a rubuta yarjejeniyar haya a gaban shaidu, a bayyana kuɗi da wa'adi da wanda gyara yake kansa da tsawon sanarwa kafin ƙari ko tashi, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Muna kuma kira ga mawadatanmu na gida da na ci-rani su raya sunnar waƙafi, su haɗa hannu su gina ɗakuna don malamai da almajirai da waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Madina sun zaunar da Muhajirai a gidajensu ba tare da wata doka ta tilasta musu ba, kuma da haka Allah Ya yabe su a Suratul Hashri.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin mai gida da ɗan haya. Allah Ya sanya albarka a dukiyar masu gidaje, Ya hore wa marasa gida nasu, Ya tsare mu daga tashi ranar ƙiyama da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah Ya haɗa mu a gidan aminci. Amin.